Rajistar kamfani: me takardun nan suke nema, me kuma suke ba ka?

A yawancin ƙasashe mutum na iya saye da sayarwa da sunansa ba tare da ya kafa kamfani ba. To mene ne amfanin wahalar cike takardu da jiran amsar hukuma? Amfanin shi ne rajista tana samar da sabon mutum a idon doka, mai sunansa da dukiyarsa, wanda zai iya cin bashi, ya ƙulla yarjejeniya, ya kai ƙara, a kuma kai shi ƙara. Wannan mutumin daban yake da kai, ko da kai kaɗai ka mallake shi. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai ga cewa kusan duk tambayoyin da ke cikin fom ɗin rajista abu ɗaya suke bi: wane ne wannan sabon mutum, ina za a same shi, wa ya mallake shi, wa ke magana da yawunsa.

Shari'ar da ta daddale wannan ƙa'ida a Ingila aka yi ta. Wani mai sana'ar takalma a Landan, Aron Salomon, ya mayar da kasuwancinsa kamfani a 1892. Dokar lokacin ta ce sai an sami mutum bakwai, sai ya sa matarsa da 'ya'yansa biyar, kowa da hannun jari ɗaya, shi kuma ya riƙe 20,001. Ba a jima ba kamfanin ya karye. Masu bin bashi suka ce ai kamfanin nan Salomon ne kawai ya sake riga, don haka ya biya su daga aljihunsa. Ƙananan kotuna biyu sun yarda da su, amma a ƙarshen 1896 kotun ƙoli ta wancan zamani ta ce a'a: tunda an cika sharuɗɗan rajista, kamfani daban, mai shi daban. Har yau kotunan ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila suna kafa hujja da wannan hukunci. Ma'anarsa ita ce idan kamfani ya durƙushe, abin da mai hannun jari zai rasa bai wuce jarin da ya zuba ko ya yi alkawarin zubawa ba. Gidansa da gonarsa ba sa cikin lissafi.

Shi ya sa shawara ta farko ba a ofishin rajista ake yanke ta ba. Sai ka fara sanin irin tsarin da kake so. Rajistar sunan kasuwanci kawai tana da sauƙi da arha, amma ba ta haifar da wani mutum dabam. Bashin kasuwancin bashinka ne. Haɗin gwiwa na gargajiya ya fi wannan haɗari, domin abokin haɗinka zai iya ciwo bashi da sunan kasuwancin a zo a kama ka. Kamfani mai iyakantaccen alhaki shi ne wanda za ka ga an liƙa wa sunansa Ltd a Birtaniya da Najeriya, GmbH a Jamus, LLC ko Inc. a Amurka, SARL a Faransa da ƙasashe 17 na Afirka da ke bin dokokin kasuwanci na bai ɗaya na OHADA, waɗanda aka ƙulla yarjejeniyarsu a 1993. Waɗannan haruffa gargaɗi ne ga duk mai hulɗa da kamfanin, cewa ya sani dukiyar kamfanin kaɗai zai iya bi idan abu ya ɓaci.

Daga nan sai suna. Hukuma za ta duba ko wani ya riga ka, ko sunan ya yi kama da na wani har ya ruɗa jama'a, ko yana ɗauke da kalmar da ke nuna alaƙa da gwamnati ko aikin banki ba tare da izini ba. A nan ne takardu da yawa ke dawowa, don haka ka tanadi suna biyu ko uku, kuma kada ka buga allo ko takardun wasiƙa kafin a amince. Abin da mutane ke mantawa shi ne amincewa da sunan kamfani ba ta ba ka mallakar tambarin kasuwanci ba. Wannan wata rajista ce daban, sau da yawa a wata hukuma daban.

Adireshi kuwa wurin da sammacin kotu da wasiƙun hukuma za su iske kamfanin ne. Idan aka aika takarda can, doka ta ɗauka ka samu, ko ka gani ko ba ka gani ba.

Maganar jari ta sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa. Jamus ta sa mafi ƙarancin jarin GmbH a Yuro 25,000, amma tun 2008 ta buɗe wani ƙaramin tsari da za a iya farawa da Yuro ɗaya. A Birtaniya ana iya kafa kamfani mai zaman kansa da hannun jari ɗaya na fam ɗaya. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta sa mafi ƙarancin jarin kamfani mai zaman kansa a Naira 100,000, ta kuma halatta wa mutum ɗaya ya kafa nasa shi kaɗai, abin da tsohuwar doka ba ta yarda da shi ba. A ƙasashen OHADA, gyaran da aka yi a 2014 ya bar wa kowace ƙasa ta tsayar da nata adadin na SARL. Shawarata a nan ita ce kada son burga ya sa ka rubuta jarin da ba ka da shi. Hannun jarin da ka karɓa ba ka biya ba bashi ne a kanka, kuma ranar da kamfani ya karye za a zo nemansa.

Takardar da ta fi kowacce muhimmanci ita ce wadda aka fi sa wa hannu ba a karanta ba: kundin ƙa'idojin kamfani. Yawancin hukumomi suna da samfuri da suka tanada, kuma ga wanda yake shi kaɗai samfurin ya wadatar. Amma da zarar kun kai biyu, ku zauna ku karanta shi layi-layi. A ce abokai biyu sun raba hannun jari rabi da rabi, kowannensu darakta ne. Shekara uku komai lafiya. Sai ɗaya ya so a karɓi rance a faɗaɗa, ɗayan ya ƙi. Babu mai rinjaye, babu wanda zai iya cire wani, banki kuma na neman sa hannun duka biyun kafin a biya ma'aikata albashi. Kamfani mai riba zai iya mutuwa a tsaye a kan wannan. Ko kuma ɗaya ya rasu, hannun jarinsa ya koma ga magada waɗanda ba su san komai a kan harkar ba. Wa zai raba gardama idan ƙuri'a ta yi kunnen doki? Idan wani zai fita, wa ke da haƙƙin fara sayen kasonsa, kuma ta yaya za a yi masa kuɗi? Ana rubuta amsoshin nan ne tun ana ga-maciji, domin bayan an ɓata babu wanda zai yarda da shawarar ɗan'uwansa. Idan akwai wuri guda da ya cancanci a biya lauya, nan ne.

A 'yan shekarun nan an ƙara wata tambaya: wa ke da kamfanin a zahiri? Domin hana ɓoye kuɗin haram a bayan sunayen aro, Birtaniya ta fara tilasta bayyana duk wanda ke riƙe da fiye da kashi 25 cikin ɗari tun 2016, Najeriya kuma ta sa nata mizanin a kashi 5. Ƙarya a wannan gurbi laifi ne.

Game da tsawon lokaci, duniya ta sauya ƙwarai. A 1983 masanin tattalin arziki Hernando de Soto da abokan aikinsa sun gwada kafa ƙaramar masana'antar ɗinki a Lima ta ƙasar Peru ta hanyar da doka ta tsara, sai da suka kwashe kwana 289. Yau a Birtaniya rajista ta intanet kan kammala cikin awa 24, Estoniya kuma tun 2014 ta ba baƙi damar kafa kamfani ba tare da sun zauna a ƙasar ba. Sai dai saurin nan na jan wasu su yi rajista inda ba nan suke aiki ba. Jihar Delaware ta Amurka ta yi suna wajen manyan kamfanoni, amma ƙaramin ɗan kasuwa da ya yi rajista can alhali a wata jiha yake sana'a, dole ya sake rajista a inda yake, ya riƙa biya wuri biyu.

Ranar da takardar shaida ta fito, an haifi kamfani ne kawai. Saura lambar haraji, saura asusun banki da sunan kamfanin, saura rajistar ma'aikata idan za ka ɗauka. Idan sana'ar ta shafi magani, abinci, kuɗin jama'a ko sufuri, akwai lasisin hukumar da ke kula da fannin, kuma takardar rajista ba ta maye gurbinsa. Kafin ranar kuwa, ka yi hattara da sa hannu a kan haya ko kwangila da sunan kamfanin da bai wanzu ba tukuna. A ƙasashe da dama alhakin yana kan wanda ya sa hannun.

Garkuwar da Salomon ya samu tana da ɓaraka, kuma mafi yawanta masu kamfani ne ke yi da hannunsu. Banki ya san ƙaramin kamfani ba shi da abin kamawa, sai ya ce darakta ya tsaya wa rancen da kansa. Da ka sa hannu a wannan takarda, gidanka ya dawo cikin lissafi. Haka nan wanda ke cuɗa kuɗinsa da na kamfani, yana cira daga asusun yadda ya ga dama ba rubutu, ko daraktan da ya ci gaba da karɓar kayan mutane bashi alhali ya san babu hanyar biya, kotu na iya ɗora masa bashin shi da kansa.

Sannan kowace shekara hukuma na jiran rahoto: su wane ne daraktoci, ina adireshi, ya lissafin kuɗi yake. Ko kamfani bai yi cinikin komai ba, wajibin na nan, tarar jinkiri kuma tana taruwa. Idan shirun ya yi yawa sai a soke sunan kamfanin daga rajista, kuma a Birtaniya duk abin da ya rage a hannunsa, har da kuɗin da ke banki, ya zama na gwamnati. Wanda ya ga harkar ba za ta ci gaba ba, ya biya masu binsa, ya sallami hukumar haraji, ya nemi a rufe kamfanin a rubuce.