Hoton asibiti da gashin ciwon daji: abin da majinyaci da danginsa ya kamata su sani

A cikin masu zuwa asibitocinmu na Katsina, akwai waɗanda ba sa gamsuwa da likita sai ya tura su hoto, ko da ciwon kai ne na kwana biyu, kuma akwai waɗanda da zarar an ce za a yi musu gashi, wato jinya da hasken na'ura, saboda ciwon daji sai su tattara kayansu su koma gida, su ce gara su mutu a ɗakinsu da a ƙona su. Dukkan ɓangarorin biyu suna cutar da kansu, kuma dalilinsu ɗaya ne: ba a yi musu bayanin cewa hasken da na'urorin nan ke fitarwa abu ne da ake aunawa kamar kowane magani ba, yana da adadin da yake amfani da adadin da yake cutarwa. A matsayina na ma'aikacin lafiya, wannan bayani nake son ya isa ga iyayenmu da 'yan'uwanmu.

Hasken eksire, wanda wani masani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ya gano a shekarar 1895, yana ratsa tsoka cikin sauƙi amma ƙashi yana tare shi, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari a hoto, huhu mai cike da iska kuma ya fito baƙi. Na'urar siti sikan, wadda aka fara gwadawa a kan majinyaci a Landan a 1971, da wannan haske take aiki ita ma, sai dai tana zagaya jiki tana ɗauka ta kusurwoyi da yawa, kwamfuta kuma ta harhaɗa ta nuna cikin jiki daki-daki. Sikanin da ake yi wa mata a wajen awon ciki daban yake ƙwarai, domin sauti ne wanda kunne ba ya iya ji ake turawa cikin jiki ya dawo, babu eksire a cikinsa ko kaɗan. Haka ma hoton maganaɗisu, wanda likita ke rubutawa MRI a takarda.

Ana auna abin da jiki ya sha na wannan haske da ma'aunin da ake kira milisibat. Kowane ɗan'adam, ko bai taɓa taka asibiti ba, yana shan kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da sararin sama, haka Allah Ya halicci duniya. Hoton ƙirji guda ɗaya bai wuce milisibat 0.1 ba, wato kusan abin da mutum zai sha cikin mako biyu yana zaune a gidansa. Saboda haka mai tarin da ya wuce mako biyu ba shi da hujjar gudun hoton ƙirji, domin haɗarin tarin fuka da aka ƙyale ya fi haɗarin hoton nesa ba kusa ba. Siti sikan na ciki kuwa yana iya kai milisibat 8 zuwa 10, daidai da na shekaru uku ko huɗu. Idan mutum ya faɗi a kan babur ya bugu a ka yana amai, ko shanyewar ɓarin jiki ta same shi, wannan hoto na iya zama sanadin tsira da rai, kuma babu wanda zai tsaya lissafin milisibat a lokacin. Abin da ba daidai ba shi ne mutum ya je da kansa ya biya kuɗi a yi masa siti don ganin ko lafiyarsa ƙalau, ko a maimaita hoton da aka yi makon jiya saboda an bar na farko a gida. Duk hoton da aka ba ku, fim ne ko faifai, ku adana shi tare da rahoton likita, ku riƙa zuwa da shi kowane asibiti.

Mace mai ciki, ko wadda take zaton tana da shi saboda jinin al'ada ya yi jinkiri, wajibi ne ta faɗa wa mai ɗaukar hoto kafin ta kwanta a gadon na'ura. Na san al'adarmu ta ɓoye ƙaramin ciki, musamman na fari, kuma na san nauyin faɗarsa a gaban suruka ko miji. Idan haka ne, ta nemi a ba ta wuri ta yi magana da ma'aikaciya ita kaɗai. Faɗar ba ta nufin za a hana ta magani. Sau da yawa sai a sauya zuwa sikanin sauti, ko a rage hasken, ko a ɗage zuwa wani lokaci. Yara ma jikinsu ya fi na manya saurin tasirantuwa, don haka ana rage musu adadi gwargwadon girmansu, kuma uwar da za ta riƙe ɗanta a ɗakin hoto tana da haƙƙin a sa mata rigar darma.

Haɗarin hoton maganaɗisu ta wata fuska yake zuwa. Maganaɗisun na'urar yana da ƙarfin da zai iya fizgo tukunyar iskar numfashi daga bakin ƙofa, kuma a kunne yake dare da rana, ko ana aiki ko ba a yi. Cire ɗankunne da awarwaro da fil ɗin hijabi da makulli da waya bai wadatar ba. Wanda aka taɓa sa wa ƙarfe a ƙashi, ko na'urar daidaita bugun zuciya, ko mai walda da ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa faɗa wa a ido, ko wanda harsashi ya saura a jikinsa, abin da halin tsaron yankinmu ya sa ya yawaita, dole ya bayyana tun kafin ya shiga. Mai laya ko guru shi ma ya cire, ba don raini ba, sai don ba a san abin da aka ɗinke a ciki ba.

Batun gashi shi ne ya fi damuna, domin a nan muka fi yin asarar rayuka. Kimanin rabin masu ciwon daji suna buƙatarsa a wani mataki na jinyarsu, kuma a sankarar bakin mahaifa da ta wuce matakin tiyata, da yawancin dajin hanci da maƙogwaro, shi ne babban magani. Babu wuta a cikinsa, babu zafi, majinyaci ba ya jin komai lokacin da hasken ke shiga, kamar dai ana ɗaukarsa hoto. Abin da hasken ke yi shi ne lalata ƙwayar gado da ke cikin ƙwayoyin dajin har su kasa hayayyafa. Ƙwayoyin jiki masu lafiya da ke kusa su ma suna taɓuwa, amma sun fi na daji iya gyara kansu kafin gari ya waye. Wannan ne ya sa ba a ba da maganin gaba ɗaya rana guda: ana rarraba shi kaɗan-kaɗan, yawanci daga Litinin zuwa Juma'a, tsawon mako biyar zuwa bakwai a cututtuka da dama. Majinyaci kan shafe minti goma zuwa ashirin a ɗakin, mafi yawansu wajen daidaita kwanciya, kuma shi kaɗai yake zama a ciki, amma ma'aikata suna kallonsa ta kyamara suna magana da shi ta lasifika.

Da yawa daga cikin majinyatanmu suna jin sauƙi a mako na biyu ko na uku, jini ya tsaya, kumburi ya saɓe, sai guzuri ya ƙare ko damina ta faɗi, su ce za su je gida su dawo. Duk manomi ya san abin da ke faruwa ga gonar da aka yi wa rabin noma aka tafi aka bari: ciyawar da ta saura ita za ta mamaye wurin da aka nome. Ƙwayoyin dajin da suka rage suna ƙara saurin hayayyafa a lokacin hutun, kuma a sankarar bakin mahaifa likitoci suna ƙoƙarin a kammala komai, gashin waje da na ciki (wanda ake sa abin da ke fitar da hasken a cikin jiki kusa da dajin), cikin mako takwas, domin kowace rana da aka ƙara bayan haka tana rage damar warkewa. Shi ya sa nake roƙon magidanta da 'yan'uwa su zauna tun kafin ranar farko su tsara masauki da abinci da wanda zai yi jinya da wanda zai kula da yara, su kuma nemi ofishin walwalar majinyata na asibitin su tambayi tallafin da ke akwai. Shekara da shekaru mutanenmu sai sun je Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja. A 2025 an buɗe cibiyar jinyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, kuma wannan ya rage nisa ga mutanen Daura da Mashi da Jibiya da Dutsin-Ma, amma bai ɗauke wa iyali nauyin shiri ba.

Wanda aka yi wa gashi daga waje ba ya ɗauke da haske a jikinsa bayan ya fito. Yana iya cin abinci kwano ɗaya da iyalinsa, ya ɗauki jikokinsa, ya yi sahu a masallaci. Ina jaddada wannan ne saboda na ga matan da aka ware wa ɗaki da kwanuka bisa tsoron da ba shi da tushe, alhali ciwon kansa ya ishe su. Wanda aka ba maganin ayodin mai haske saboda ciwon maƙoƙo shi ne ake ba umarnin nisantar yara da masu ciki na 'yan kwanaki, kuma likita zai faɗa masa dalla-dalla. Illolin da za a iya gani sun danganta da wurin da aka haska: gajiya, duhun fata ko saɓuwarta, gudawa idan mara ce, bushewar baki idan wuya ne. Gashin kai ba ya zuba sai idan kan aka haska. Kada a shafa man zafi ko wani haɗin gargajiya a wurin, kada a gasa shi da ruwan zafi, kuma kada a goge alamomin da aka zana a fata, domin da su ake saita na'ura kullum. Wanka da alwala ba su haramta ba, a dai yi a hankali da ruwa mai ɗumi. Maganar da ake yaɗawa cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe ita ce ke hana mutane yarda a ɗebi ɗan nama a auna, alhali ba a fara gashi sai da wannan awon. Jinkirin da ake yi ne ke ba ciwon damar bazuwa, ba allurar ba.

Akwai ma'aikata biyu da majinyaci ba ya cika gani, amma lafiyarsa tana hannunsu bayan ikon Allah. Na farko shi ne masanin fiziks na asibiti. Likita ne ke faɗin adadin da dajin ke buƙata, shi kuma masanin ne ke tsara ta inda hasken zai shiga da yadda zai kauce wa laka da ƙoda da zuciya da idanu, a kan hoton siti na majinyacin. Shi ne kuma ke auna abin da na'ura ke fitarwa a cikin tankin ruwa, tunda ruwa yana shan haske kusan yadda tsoka ke sha, domin ƙa'idar duniya ita ce kada abin da majinyaci ya samu ya kauce wa abin da aka rubuta da fiye da kashi 5 cikin 100. Saboda haka idan an ɗauki hoton shiri aka ce ku dawo bayan wasu kwanaki, ba wulaƙanci ba ne, lissafi ake yi. Na biyu shi ne injiniyan na'urorin asibiti, wanda ke fama da abin da duk muka sani: wutar lantarki mai rawa, zafin bazara, da ƙurar hunturu da ke toshe matatun sanyaya na'ura. Idan aka ce yau ba za a yi gashi ba saboda awon safe bai yi daidai ba, wannan shi ne abin da ya kamata, sai dai majinyaci ya tambayi yadda za a rama ranar da ta wuce. A sama da su akwai Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 2001, ita ke ba wuraren hoto da gashi lasisi, kuma ba laifi ba ne mutum ya tambayi wurin hoto mai zaman kansa ko yana da shi.

Binciken masana yana kawo sauƙin da ya dace da halinmu. Gashin sankarar mama da a da ake yi sau 25 cikin mako biyar, gwaje-gwajen da aka yi a Birtaniya sun nuna ana iya yin sa sau 15 cikin mako uku da sakamako iri ɗaya, kuma wani binciken da aka wallafa a 2020 ya nuna sau biyar cikin mako guda ya wadatar ga wasu matan. Ga macen da ta baro 'ya'yanta a Baure ko Mai'aduwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma likita ne ke tantance wadda hakan ya dace da ita. A 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da manhajojin kwamfuta masu duba hoton ƙirji don gano alamun tarin fuka a manya, abin da ke taimaka wa ƙauyukan da ba su da likitan hoto. Ɗalibanmu masu karanta fiziks da injiniyanci ya kamata su san cewa wannan fanni yana nan, kuma masu yin sa sun yi ƙaranci a Arewa.

Gargaɗi na ƙarshe ga 'yan gwangwan da masu sayen tsofaffin ƙarafa ne. Wasu tsofaffin na'urorin gashi da na masana'antu suna ɗauke da sinadari mai fitar da haske wanda ba a iya kashewa. A 1987, a garin Goyaniya na ƙasar Brazil, wasu masu tsintar ƙarfe sun fasa irin wannan na'ura da aka bari a wani asibiti da ya tashi, aka rarraba hodar da ke ƙyalli a cikinta ga 'yan'uwa, mutum huɗu suka mutu, aka kuma auna mutane fiye da dubu ɗari. Duk wanda ya ga dunƙulen ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, ɗauke da alamar fuka-fukai uku kamar na fanka a kan launin rawaya, kada ya fasa, kada ya ɗauka, kada ya kai gida. Ya nisanta mutane daga wurin, ya sanar da 'yan sanda ko asibiti mafi kusa domin su kira hukumar da abin ya shafa.