Wai dabararsa kaɗai ce ta kai Odisiyus gida?

An daɗe ana cewa Odisiyus, jarumin tatsuniyar Girkawa, da wayonsa kawai ya koma garinsu Itaka bayan yaƙin Taroy. Ba laifin masu faɗa bane, mutumin akwai dabara kam.

Amma a waƙar Odisi ta Homa, tsohon mawaƙin Girkawa, ba haka abin yake ba. Cikin shekara 10 da yayi a hanya, 7 a tsare yake a tsibirin wata allahiya mai suna Kalibso, kullum yana bakin teku yana kuka, wayon bai fishshe shi ba sai da Atina, allahiyar hikima, ta roƙi Zus, shugaban allolin Girkawa, aka aiko Hamis, ɗan aiken allolin, yace a sake shi. Hamis ɗin nan shi ya bashi tsiron da ya karya sihirin wata matsafiya mai suna Sirsi. Da Fosaidon, allan teku, ya farfasa masa kwalekwale saboda Odisiyus ya makantar masa da ɗa, wata allahiyar teku mai suna Ino ce ta bashi mayafi ya ɗaura har ya kai gaɓa. Ko shigar tsohon mabaraci da yayi a gida aikin Atina ne.

Waƙar kashi 24 ce, fassararta na intanet kyauta, ku duba kashi na 5, 10 da 13 da kanku. Don Allah a tura wa wasu.