Wargajewar sinadari da zafi: me ke faruwa da gishirin magniziyam a kan wuta?

Duk ɗalibin da ke shirin WAEC ko NECO ya taɓa cin karo da kalmar thermal decomposition a darasin kemistiri. Ma'anarta ita ce a ɗora sinadari guda a kan wuta har zafi ya tsinka abin da ya ɗaure ƙwayoyinsa, ya rabu gida biyu ko fiye. Kada a rikita shi da ƙonewa. Itacen da ke ci a murhu haɗuwa yake yi da iskar oksijin, kuma shi ke ba da zafi. Wannan kuwa shan zafin yake yi, da ka janye wuta aiki ya tsaya.

Mu ɗauki wani gishiri na ƙarfen magniziyam, wato magniziyam naitiret, Mg(NO₃)₂. Zuba 'yan ƙwayoyinsa farare a kwalbar gwaji ka kara ta a wuta. Tun zafi bai kai digiri 90 ba za ka ga ya narke, domin akwai ruwa maƙale a jikinsa. Ruwan ya tafasa, tururi ya fita. Can sai hayaƙi mai ruwan ƙasa ya fara tashi, shi ne NO₂. In ka hure tsinke ya rage jan garwashi ka kai shi bakin kwalbar, sai ya sake kamawa, alamar oksijin ma na fita. Abin da ya saura a gindi farin gari ne, magniziyam oksaid:

2Mg(NO₃)₂ → 2MgO + 4NO₂ + O₂

Hayaƙin nan guba ne, yana lahanta huhu, don haka ba gwajin da za a yi a rufaffen ɗaki ba ne.

To, akwai wani gishirin mai suna kusan iri ɗaya, wato naitirait. A nan ɗalibai ke zubar da maki, don harafi ɗaya ya raba sunayen a Turance. Naitiret na da oksijin uku, NO₃, naitirait na da biyu, NO₂ (wannan a jikin gishiri yake, ba hayaƙin nan ba ne). Magniziyam naitirait, Mg(NO₂)₂, shi ma ƙarshensa farin garin nan ne:

Mg(NO₂)₂ → MgO + NO + NO₂

Iskar NO ba ta da launi, amma tana haɗuwa da iskar waje sai ta koma ruwan ƙasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne kwatanta wannan da sodiyam. In ka gasa sodiyam naitiret, oksijin kawai yake saki, ya koma sodiyam naitirait, ya yi zango a nan. Magniziyam ba shi da wannan zangon, kai tsaye yake zarcewa zuwa oksaid. Dalili kuwa girman jiki ne. Ƙwayar magniziyam 'yar ƙarama ce, ga ta da caji biyu. Ƙarfi mai yawa a ɗan wuri, sai ta riƙa fizgo lantarkin maƙwabciyarta, wato naitiret, har ta karkata ta, ɗaurin da ke tsakanin naitirojin da oksijin ya yi rauni. Abin da ya riga ya yi rauni kuwa ba ya buƙatar wuta mai yawa. Ƙwayar sodiyam ta fi girma, cajinta ɗaya tak, fizgarta ba ta kai haka ba. Shi ya sa in ka gangara rukunin magniziyam a jadawalin sinadarai, daga kalsiyam zuwa bariyam, ƙwayoyin na ƙara girma, gishirinsu na ƙara jure wuta.

Irin wannan wargajewa ce ake yi kullum a masana'antun siminti na Kalambaina a Sakkwato, da Ashaka a Gombe, da Malbaza a Nijar. Ana gasa dutsen farar ƙasa, CaCO₃, a zafin da ya kai wajen digiri 900, ya saki iskar CO₂ ya bar CaO. Shi kuma farin garin da ya rage a kwalbarmu, sai zafi ya haura digiri 2,800 yake narkewa, har da shi ake yin tubalin da ake lulluɓe cikin irin waɗannan tanderu.