Teburin Intanet: Yadda Abokan Wasan Labari Ke Haɗuwa Daga Nesa

Akwai wani wasa da ya taso daga Amurka wanda kayansa ba su da yawa: tebur, takarda, fensir, 'yan dayis irin na lido, sai mutum huɗu ko biyar da za su zauna tare na wasu awoyi. Mutanen nan su ne suka fi komai wuyar tarawa. Wannan wahalar ce ta haifar da wata kasuwa ta manhajoji da ake wa laƙabi da teburin intanet, kuma miliyoyin mutane na amfani da su yau. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Wane irin wasa ne wannan tukuna?

Wasan labari ne da ake ginawa tare. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke riƙe da duniyar labarin. Sauran kowa na da jarumi ɗaya da yake magana da bakinsa, da takarda mai ɗauke da ƙarfin jarumin, wayonsa, lafiyarsa da kayan da ke jakarsa. Jagora zai ce: "Kun iso ƙofar gari, dare ya yi, mai gadi ya ce ba mai shiga sai da safe. Me za ku yi?" Wani ya ce zai lallashi mai gadin, wata ta ce za ta zagaya ta hau ganuwa. Idan abin da aka nufa zai iya yiwuwa kuma zai iya ci tura, sai a jefa dayis, galibi mai fuska 20, a ƙara masa lambar da ke takardar jarumin. In jimillar ta kai abin da jagora ya ƙayyade, an yi nasara. In ba ta kai ba, labari ya karkata wata hanya.

Duk wanda ya taɓa zama sauraron tatsuniya zai gane daɗin abin, sai dai akwai bambanci babba. A tatsuniya mai bayarwa ya san inda Gizo zai ƙare tun kafin ya ce ga ta nan ga ta nanku. A nan ko jagoran bai san ƙarshe ba, domin masu sauraro ne ke tuƙa jaruman.

Wanda ya fi shahara shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 ta hannun kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. Akwai wasu da dama, irin su Call of Cthulhu na 1981 da Pathfinder na 2009. Zama ɗaya kan ci awa uku ko huɗu, labari ɗaya kuma kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru.

To mene ne teburin intanet?

Manhaja ce da ke tsayawa a madadin teburin katako. Kowa na gidansa, amma duka suna kallon taswira ɗaya a fuskar kwamfuta. Taswirar a yanke take gida-gida kamar filin dara, kowane jarumi na da ɗansa da ake matsarwa, kuma da an matsar kowa zai gani nan take. Dayis ma a cikin manhajar ake jefawa a bainar kowa, don haka ba a gardamar ko wani ya juya nasa da yatsa. Takardun jarumai suna ciki, manhajar kuma na yin lissafi da kanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne hazo. Jagora na lulluɓe taswira da duhu, ba ya yaye ko'ina sai inda jaruman suka taka. Wasu manhajojin har suna auna iyakar hasken fitilar kowane jarumi, ta yadda wanda ya leƙa lungu shi kaɗai ke ganin abin da ke ciki, sai ya faɗa wa 'yan'uwansa da baki. Wannan abu ne da teburin katako ba ya iya yi da kyau.

Kada a ɗauka wasan bidiyo ne. Manhajar ba ta ba da labari, ba ta yanke hukunci. In babu jagora da 'yan wasa, taswira ce kawai a ajiye.

Me ya sa ake nemansu haka?

Saboda mutane na warwatsuwa. Tarihin Roll20, teburin intanet da ya fi kowanne yawan jama'a, ya isa misali. Abokai uku ne da suka zauna tare lokacin karatun jami'a, Riley Dutton da Nolan T. Jones da Richard Zayas. Bayan sun gama, kowa ya kama garinsa, wasansu ya tsaya. Sai suka haɗa wata 'yar manhaja don kansu. A 2012 suka kai ta Kickstarter, shafin da jama'a ke tara wa sababbin ayyuka kuɗi, suna neman gudummawar dala dubu 5, aka tara musu kusan dubu 40. Ashe dubban mutane na cikin irin halin da suke ciki: aiki ya kai wannan gabas, aure ya kai wancan yamma, ga labarin da aka faro tare an bar shi a tsakiya.

Akwai kuma waɗanda ba su taɓa samun abokan wasa ba tun farko. Daga 2015, da shirin Critical Role ya fara nuna wasan kai tsaye a intanet, mutane da yawa suka ga yadda ake yi suka yi sha'awa, alhali a garinsu babu ko mutum ɗaya da ya san shi. Irin waɗannan manhajar ce ta zame musu dandali, domin akwai sashen da jagora ke sanar da cewa yana neman 'yan wasa ranar kaza da ƙarfe kaza. Haka nan mai jinya a gida, da mai larurar da ke hana shi fita, da iyayen da ba za su bar yara su tafi wani gida na awa biyar ba. A intanet ba tafiya, ba dawowa cikin dare. Awa biyu bayan yara sun yi barci ta wadatar.

Sai annobar korona ta zo. Daga Maris 2020, da aka rufe gidaje da shagunan wasa a Turai da Amurka, duk wani rukuni da ke haɗuwa mako-mako ya rasa wurin zama a lokaci guda. Zaɓi biyu ne ya rage, a daina ko a koma intanet, kuma da yawa sun koma. A shekarar ce cinikin Dungeons & Dragons ya ƙaru da kashi 33 cikin ɗari. Roll20 kuma ya sanar a farkon 2022 cewa masu rajista a wurinsa sun haura miliyan 10. Da aka buɗe gari wasu sun koma teburinsu na da, amma rukunonin da aka ƙulla lokacin kulle tsakanin mutanen ƙasashe daban-daban ba su da wani tebur da za su koma. Su ne suka riƙe kasuwar.

Kiran bidiyo kaɗai bai isa ba?

Ga wasu ya isa sarai. Akwai masu wasa da murya zalla a Discord, wata manhajar hira ta murya da rubutu, jagora na siffantawa kowa na zana hoton a zuciyarsa. Matsala kan taso ne idan faɗa ya kaure a labari, aka sami jarumai biyar da abokan gaba takwas, kowa na tambayar wa ke kusa da wa, kibiyata za ta kai can ko ba za ta kai ba. A nan taswira ke raba gardama. Shi ya sa mafi yawan rukunoni ke haɗa biyu: murya a Discord ko Zoom, taswira da dayis a teburin intanet.

Waɗanne ne aka fi amfani da su, kuma me ya bambanta su?

Fantasy Grounds shi ne dattijo, tun 2004 yake. Saukar da shi ake yi a kwamfuta, kuma ƙarfinsa na wajen lissafi: ka kai sara, shi zai duba ko ta samu, ya cire abin da za a cire daga lafiyar wanda aka sara. Koyonsa na son haƙuri. Shi ne ya fara samun izinin sayar da littattafan Dungeons & Dragons a cikinsa, a 2015.

Roll20 a burauza yake aiki, ba a saukar da komai, kuma ana iya farawa kyauta. Mai son ƙarin wurin ajiya da aikin haske sai ya biya kuɗin wata.

Foundry, wanda Andrew Clayton ya fitar a watan Mayu 2020, wata hanya ya bi. Dala 50 ake biya sau ɗaya, jagora kaɗai ke biya, sauran su shigo ta burauza. Wasan na zaune ne a kwamfutar jagora ko a wata kwamfutar intanet (saba) da ya yi haya, don haka kayansa na hannunsa. Masu amfani da shi sun rubuta masa dubban ƙananan manhajoji na ƙari, kuma nan ne tarkon yake. Na ga jagororin da ke kwana gyaran ruwan sama da inuwar bishiya a taswira, ranar wasa kuma labarin da za su bayar bai nuna ba.

Owlbear Rodeo, da ya fito daga Ostireliya a 2020, da gangan aka yi shi mara nauyi: a buɗe ɗaki, a ɗora taswira, a tura wa abokai adireshi, shi ke nan. Akwai kuma MapTool, tsoho ne kuma kyauta, da TaleSpire mai gine-gine masu tsayi da zurfi kamar a wasan bidiyo.

Ina mai Dungeons & Dragons ɗin kansa a wannan kasuwa?

Kamfanin Wizards of the Coast ne ke da wasan tun da ya sayi TSR a 1997, sannan kamfanin Hasbro ya sayi Wizards ɗin a 1999. Sun ga inda jama'a suka nufa. A 2022 Hasbro ya biya dala miliyan 146.3 ya sayi D&D Beyond, shafin da 'yan wasa ke ajiye takardun jarumansu da littattafansu. Sannan suka sa kuɗi wajen gina tebur nasu mai suna Sigil, da injin Unreal Engine 5 da ake yin manyan wasannin bidiyo da shi. An sake shi a Fabrairu 2025, ba a yi wata guda cur ba aka sallami mafi yawan ma'aikatan da suka gina shi. A gefe guda kuma, ɗan ƙaramin teburinsu mai shimfiɗaɗɗiyar taswira, Maps, ya ci gaba da aiki.

A ganina wannan ya nuna abin da mutane ke nema a zahiri. Tebur mai ƙawa yana son kwamfuta mai ƙarfi a wurin kowane ɗan wasa, kuma in ta mutum ɗaya ta gaza, zama ya watse. Yana kuma ɗora wa jagora aikin gina kowane ɗaki kafin ranar wasa, alhali 'yan wasa kan ƙi shiga ɗakin su bi wata hanyar da bai shirya ba. Jagora na buƙatar abin da zai zana sabon wuri da shi cikin minti biyu, yayin da abokansa ke jira a layi.

Me ake rasawa idan aka bar teburin katako?

Ana rasa abubuwa, kuma bai kamata a ɓoye ba. A ɗaki ɗaya mutum biyu na iya raɗa a gefe yayin da jagora ke magana da na uku. A intanet murya ɗaya ce ke wucewa a lokaci guda, sai mai kunya ya yi ta shiru har a manta da shi. Jagora ba ya ganin fuskar da ta fara gajiya. Ga sauran shafuka a buɗe suna jan hankali. Ga cin abinci tare da hirar bakin ƙofa, waɗanda a wurin wasu su ne rabin dalilin zuwa.

Akwai kuma kukan aljihu. Littafin da ka saya na takarda ba ya bin ka cikin manhaja, sai ka sake sayensa, in kuma ka sauya manhaja ka sake saye karo na uku. Wannan na ɗaure mutane a inda suka fara ko da sun ga wanda ya fi.

Tunda akwai dayis, ba caca ba ce?

Ba a sa kuɗi, ba mai cinye wani. 'Yan wasa ɓangare ɗaya suke, jagora ma ba abokin hamayyarsu ba ne. Aikin dayis shi ne ya hana kowa, har da jagora, yanke yadda abu zai kasance shi kaɗai. Hukuncin wasa da dayis kansa magana ce da malamai suka yi bayani a kanta, wanda abin ya dame shi ya tuntuɓi malaminsa. Akwai kuma wasannin da aka tsara ba dayis ko ɗaya, kamar Amber na 1991. Labarin ma ba dole ya zama na dodanni da tsafi ba. Ana yin na binciken laifi, na ayarin fatake, na tafiya sararin samaniya.

Mai waya kaɗai da data 'yar kaɗan zai iya?

Zai iya, in ya zaɓi abin da ya dace da shi. Foundry da Fantasy Grounds na kwamfuta ne, kada ya wahalar da kansa a kansu. Owlbear Rodeo na buɗewa a burauzar waya. A kashe bidiyo a bar murya, domin bidiyo ne ke shanye data. Ƙa'idojin farko na Dungeons & Dragons kamfanin ya sake su kyauta a intanet, ba sai an sayi littafi kafin a gwada ba.

In layi na yawan yankewa ko wuta ba ta tsayawa, akwai tsohuwar hanya da ta girmi duk manhajojin nan, wato wasa a rubuce. Jagora ya rubuta abin da ya faru a zauren WhatsApp ko Telegram, kowa ya amsa lokacin da ya samu sarari, ko da bayan awa shida ne. A Telegram in ka tura alamar dayis ita kaɗai, za ta juya ta tsaya a kan lamba tsakanin 1 da 6 a gaban kowa, kuma akwai wasanni da yawa da dayis mai fuska shida kawai suke buƙata. Taswira kuma jagora ya zana ta a takarda da biro, ya ɗauki hotonta ya tura.