Tarar gudun wuce kima: abin da doka ta ce da abin da ake ƙarawa a baki

Wata magana na ta yawo a WhatsApp da tashoshin motar Kano, wai duk wanda jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, suka kama da gudun wuce kima, tararsa naira 50,000 ce, a ƙwace lasisinsa, a kuma tura shi Dawanau a duba ƙwaƙwalwarsa. An cakuɗa gaskiya da ƙarya a ciki, kuma wannan tsoron ne ke sa direba ya fara lalubar aljihu tun jami'i bai buɗe baki ba.

Ƙa'idar gudu ba ɓoyayya ba ce. A cikin gari, ƙaramar mota da tasi da bas ba su wuce kilomita 50 a awa, tanka da tirela 45. A babbar hanya 80 ne ga ƙananan motoci, a tagwayen hanya irin ta Kano zuwa Zariya kuwa 100 ga motar gida, 90 ga ta haya, 60 ga tirela. Sai dai titin Zariya daga Dangi zuwa Na'ibawa cikin gari ne komai faɗinsa, haka ma titin BUK. Dokar ta hau kowa, illa motocin haya an ƙara musu wajabcin sa na'urar taƙaita gudu tun 2017.

To ina 50,000 ta fito? A jadawalin laifukan da ke cikin dokar hukumar ta 2007, an sa wa wuce iyakar gudu tarar naira 3,000 da makin laifi 3 a kan lasisi. Mai naira 50,000 da maki 10 wani laifi ne daban, shi ne tuƙin ganganci. Direban da ya kai 70 a titin da babu kowa ya wuce iyaka. Wanda kuwa ya kai 70 ɗin yana ratsa masu Adaidaita Sahu, yana shan gaban mota a kan gada, ga ɗalibai na tsallaka titi, ya jefa rayuka cikin haɗari, kuma nan ne jami'i ke iya rubuta babban laifin. Shi ma gwajin ƙwaƙwalwa da hukumar ta sanar a 2017, an ambace shi ne kan irin su tuƙin ganganci da amsa waya ana tuƙi da ƙetare danja.

Wannan iyaka tsakanin laifukan biyu ita ce ke damuna, domin kusan duk a idon jami'i take. Shi ya sa kada ka karɓi takarda ka cusa aljihu. Duba laifin da aka yi wa alama, da adadin kuɗin, da lambar motarka. In ba ka gane ba, ka ce, "Yallaɓai, wane laifi aka rubuta mini?" Ba rashin kunya ba ne.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne takardar ba hukuncin kotu ba ce. Biyan tarar na nufin ka amsa laifin, ka kuma yafe zuwa gaban alƙali. In kana ganin an zalunce ka, kana da damar ƙin biya a kai ka kotu, sau da yawa ta tafi-da-gidanka, ka yi bayani. Idan kuwa ka zaɓi biya, ta Remita ake biya, a banki ko ta waya, kuɗin ya shiga asusun gwamnati. Sai ka kai rasit ofis ka karɓi lasisi ko takardun da aka riƙe. Jami'i ba ya karɓar tara a hannu. Miƙa masa na goro ma laifi ne mai zaman kansa, naira 10,000 da maki 10 a wancan jadawalin, ya fi laifin gudun sau uku da ɗoriya. Idan an tsare mota, bayan awa 24 kuɗin ajiya kan fara hawa, naira 200 kullum.

Lasisi kuma ba a soke shi don gudu ɗaya. Maki ne ke taruwa, a fara da gargaɗi in sun kai 10, dakatarwa da janyewa su biyo baya in aka ci gaba.

Kada a haɗa wannan da KAROTA, mai kula da zirga-zirgar ababen hawa a jihar Kano. Ita hukumar jiha ce da aka kafa a 2012, da dokarta da jadawalin tararta, don haka kuɗin da na ambata ba nata ba ne.

A ganina tarar ba ta faɗa wa kowa daidai. Mai jif da ya tsula gudu a titin Haɗeja, naira 3,000 ba ta kai kuɗin man da ya ƙone a yinin ba, zai tura yaro ya biya. Direban bas kuwa ba kuɗin ne ke cinsa ba, yinin da zai ɓata tsakanin banki da ofis ne, ga mai mota na jiran balas da yamma, ga cefanen gida. Da za a samar da wurin biya da karɓar takardu nan take a bakin hanya, tare da allunan iyakar gudu a titunan da babu su, da yawancin masu miƙa na goro sun zaɓi rasit.