Waiwaye: Muhlenberg da yadda cocin Lutheran ya kafu a Amurka

A Jamus ta ƙarni na 18, coci da fada tafiyarsu ɗaya ce. Hukumar sarkin yanki ke tantance fasto, ta tura shi wurin aiki, ta kuma tabbatar da abincinsa. Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Pennsylvania, wani yankin Amurka da ke ƙarƙashin mulkin Ingila a lokacin, sun tarar da wata duniya daban, domin a can gwamnati ba ta ɗauki nauyin kowace ɗarika ba. Da yawansu da bashin kuɗin jirgin ruwa suka sauka, sai sun yi wa wani aikin shekaru kafin su mallaki kansu. Suka warwatsu a gonaki cikin daji, yara na girma ba baftisma, ba makaranta. Inda babu mai tantancewa kuwa, 'yan sojan gona ba sa wuyar samuwa: wanda aka kora daga aikin coci a Turai, ko wanda ba a taɓa naɗawa ba, sai ya sa rigar fasto yana ɗaura aure ana biyansa.

Tun cikin shekarun 1730 ikilisiyoyin Lutheran uku, ta Philadelphia da ta New Hanover da ta Providence wadda yau ake kira Trappe, suka yi ta aika kuka zuwa Landan da birnin Halle na Jamus a taimake su da fasto na gaskiya. Maganar ta daɗe tana jan ƙafa a kan albashi. Halle na son a yi alkawarin kuɗi tukuna, su kuma manoman sun ƙi ɗaure kansu ga mutumin da ba su gani ba. Ban ga laifinsu ba, an sha cutar su.

A 1741 Gotthilf August Francke, shugaban gidan marayu da makarantun Halle, ya miƙa kiran ga Henry Melchior Muhlenberg. An haife shi a Einbeck a 1711, ya yi karatu a jami'ar Göttingen, ya koyar a gidan marayun Halle, aka naɗa shi fasto a 1739. Ya karɓa. Ya biya ta Landan, ya sauka Charleston a watan Satumba na 1742 bayan tafiyar teku da ruwan sha ya yi musu ƙaranci, ya leƙa 'yan Lutheran da aka koro daga Salzburg suka zauna a Ebenezer a Georgia, sannan ya isa Philadelphia ranar 25 ga Nuwamba.

Ya tarar wasu sun riga shi zama a kujerar. Valentin Kraft, tsohon fasto da aka sallama a Jamus, yana gabatar da kansa a matsayin shugaba. Ga kuma Zinzendorf, basarake kuma jagoran ɗarikar Moravian, wanda ke ƙoƙarin tara duk Kiristocin Jamusawa a inuwa ɗaya. Muhlenberg bai zo da dukiya ko ikon hukuma ba, takardun kiransa kawai ya riƙe, kuma da su ya bi ikilisiyoyin ɗaya bayan ɗaya har suka amince da shi. Farkon 1743 Zinzendorf ya koma Turai. A shekarar aka fara ginin cocin Augustus a Trappe, wanda har yau yake tsaye.

Daga nan rayuwarsa ta koma bisa doki. Yana koya wa yara karatu, yana ratsa koguna da daji zuwa ga mutanen da suka shekara ba su ci Jibin Ubangiji ba, yana sasanta rigingimu daga New York har Georgia. Yakan yi wa'azi da Jamusanci da Turanci da harshen Holan. A 1745 ya auri Anna Maria, 'yar Conrad Weiser, tafintan da ke shiga tsakanin gwamnatin Pennsylvania da al'ummar Iroquois, 'yan asalin ƙasar. Suka haifi 'ya'ya 11.

A ganina, babban aikinsa shi ne na watan Agusta 1748, lokacin da ya tara fastoci da wakilan ikilisiyoyi a Philadelphia suka kafa majalisar da aka sani da Ministerium ta Pennsylvania. Ita ta ɗauki aikin da fada ke yi a Jamus: ta jarraba mai neman zama fasto, ta naɗa shi, ta tsawata masa idan ya kauce. Suka kuma amince da tsarin sujada guda. A 1762 ya rubuta wa ikilisiyar Philadelphia kundin da ya ba dattawan da jama'a suka zaɓa hannu a tafiyar da coci, wasu ikilisiyoyi suka kwaikwaya. Manomin da ke ciyar da fasto daga gumin kansa ya sami bakin magana.

Yaƙin neman 'yancin Amurka ya saka shi tsaka mai wuya. Ya riga ya yi wa Sarkin Ingila rantsuwar biyayya, don haka ya yi ƙoƙarin kame bakinsa, amma 'ya'yansa ba su kame ba. Peter ya ajiye aikin fasto ya zama janar a rundunar George Washington, Frederick kuma ya zama kakakin Majalisar Wakilan Amurka na farko a 1789, shekara biyu bayan rasuwar mahaifinsu a Trappe ranar 7 ga Oktoba 1787.

Majalisar Ministerium da Muhlenberg ya kafa ta ba wakilan da ba fastoci ba damar jefa ƙuri'a a 1792. Ta ci gaba da aiki da sunanta har 1962, kuma ikilisiyoyinta na cikin waɗanda suka haɗu a 1988 suka zama ELCA, cocin Lutheran mafi girma a Amurka.