Kwasar dusar ƙanƙara: a daina murɗa ƙugu da shebur a cike

Duk shekara, da zarar dusar ƙanƙara ta sauka da yawa a birnin New York, sai 'yan'uwanmu su fara shigowa sashen gashin ƙashi inda nake aiki, kowa dafe da ƙugu yana tafiya a karkace. Mafi yawansu magidanta ne mazauna unguwar Bronx, waɗanda suka taso a Kumasi, Yamai ko Kano, kuma idan aka tambaye su yadda abin ya faru amsar ɗaya ce: sun sunkuya, sun cika shebur taf, sun ɗaga, sannan suka murɗa ƙugu suka jefa ta bayan kafaɗa. Wannan murɗawar ce take kwantar da mutane, kuma a kanta nake roƙon jama'a su saurare ni.

Ƙashin baya yana iya jure nauyi idan yana miƙe, amma ba a halicce shi don ya ɗauki kaya a sunkuye kuma ya juya a lokaci guda ba. Jiƙaƙƙiyar dusa cikin shebur ɗaya tana iya kai kilo 7, kuma mai share ƙofar gida zai maimaita ɗaukar ta sau da yawa kafin ya gama. Wani bincike da ya duba shekarun 1990 zuwa 2006 ya nuna cewa kimanin mutum 11,500 ne ake kai wa sashen gaggawa a Amurka kowace shekara saboda wannan aiki, kuma ƙasan baya ne ya fi shan rauni.

Na san uzurin da ake kawowa. Dokar birni ta ce idan dusa ta daina sauka tsakanin ƙarfe 7 na safe da 5 na yamma, a share gaban gida cikin awa 4 ko a biya tara, ga kuma aiki yana jira. Amma yayyena da ƙannena, wace tara ce ta kai mutum ya yi makonni a kwance, bai fita neman abinci ba, ko ruku'u ba ya iya yi? Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wanda muka yi wa magani bara, muka nuna masa yadda zai yi, ya sake dawowa bana da ciwo iri ɗaya, yana cewa sauri yake yi. Haba Alhaji! Saurin ne ya sa ka murɗa, murɗawar ce kuma ta dawo da kai.

A tura dusar gaba da shebur maimakon a ɗaga ta. Idan ɗagawa ta zama dole, a ɗebi kaɗan, a lanƙwasa gwiwa, a riƙe shebur kusa da jiki, sannan a juya da ƙafafu a fuskanci inda za a zuba. Kada a jefa ta bayan kafaɗa ko sau ɗaya. A fita tun tana sabuwa kafin ta daskare, a motsa jiki kafin a fara, musamman bayan sallar asuba lokacin da baya yake a sandare. A sa takalmi mai kama ƙasa, a barbaɗa gishiri, a riƙa hutawa ana shan ruwa.

Dattawanmu masu hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya, don Allah ku bar wa samari wannan aiki, domin sanyi da wahala suna haɗuwa su matsa wa zuciya. Wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ko numfashi ya yi masa wuya, ya ajiye shebur a kira lambar neman agajin gaggawa, 911, nan take. Haka kuma wanda ciwon bayansa ya sauka cikin ƙafa har ta mutu ko ta yi rauni, ko ya kasa riƙe fitsari, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya shafa man zafi a gida.